Wa ɗanka yake son ya zama?

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Makon jiya na halarci bikin yaye ɗalibai a wata makarantar sakandare a nan Kano. Aka miƙa wa yara lasifika, aka ce kowa ya faɗi wanda yake son ya zama. Na farko ya ce Dangote, na biyu ya ce Ahmed Musa, wata yarinya ta ambaci wata 'yar TikTok. Iyaye suka tafa. Da aka tashi na ja yaron farko gefe, na ce, "Ɗana, da wace sana'a Dangote ya fara?" Ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, shi dai yana da kuɗi."

Wannan amsar ta tsaya mini a rai. Yaron ba shi da laifi. Mu ne muka nuna masa inda mutum ya sauka, muka ɓoye masa hanyar da ya bi.

Kowane yaro a unguwa ya san ƙwallo biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018. Yara nawa suka san cewa daga Jos ya taso, ya zo Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda kafin Turai ta san da shi? Hanya ke nan, kuma ba ma faɗinta.

Ku dubi Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt. Tun yana yaro yake zanen motoci. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya samu tallafin karatu daga jihar Sakkwato ya tafi Detroit a Amurka, a 1994 kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Yaron da ya ji labarin a haka, mataki bayan mataki, yau zai iya ɗaukar fensir da takarda ya fara. Wanda aka nuna wa hoton motar kawai, me zai yi da shi in ba hamma ba? Ita ma 'yarmu, sunan Nana Asma'u kaɗai muke ba ta. Ba ma gaya mata yadda ta horar da jajoji, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata.

Na san abin da wasu za su ce: ai waya ce ta lalata yara. Haba jama'a! A wajen ɗaurin aure, wa ake ba kujerar gaba? Sunan wa maroƙi yake kira? Malamin da ya shekara talatin yana riƙe da alli yana can baya a tsaye, wanda ba a san tushen dukiyarsa ba yana kan darduma. Yara suna kallo. Ba su buƙatar waya kafin su gane wanda muke girmamawa.

To, in ɗanka ya ambaci wani, kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka tafa ka wuce. Tambaye shi: mutumin nan, lokacin da yake kamar shekarunka, me yake yi da safe? Wa ya koya masa? In bai sani ba, ku bincika tare. In kuma aka bincika aka rasa hanyar, sai dukiya kawai da ta faɗo daga sama, wannan ba abin koyi ba ne. Ban ce duk wanda ya bi hanya zai kai inda suka kai ba, rabo na Allah ne. Amma a samo masa na kusa, wanda zai gani da idonsa: bakaniken da ke buɗe gareji bayan asuba, ko nas ɗin da ke kwana a asibiti. Ka kai shi ranar Asabar ya wuni a wurin.

Yaron nan kuwa, na gaya masa cewa a 1977 Dangote ya fara da saye da sayarwa, su siminti da shinkafa da sukari. Ya yi shiru, sannan ya ce yayan mahaifiyarsa yana da shago a kasuwar Singa. Na ce masa, hutun nan ka je ka roƙe shi ya bar ka ka riƙe masa littafin lissafi.