Ina ake ajiye "always" a jimlar Turanci?

Assalamu alaikum, 'yan uwana Sakkwatawa, daga Mancesta nake gaishe ku.

Ƙannena ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo masu shirin jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS suna turo mini rubutunsu, kuma abu guda nake ta cin karo da shi: "Always I go to the market." Na san inda ya samo asali. Mu a Hausa, ka ce kullum ina zuwa kasuwa, ko ina zuwa kasuwa kullum, duk daidai ne. Turanci bai ba ka wannan sakewar ba.

Kalmomin da ke nuna yawan aukuwar abu, irin su always, usually, often, rarely da never, kusa da aikatau suke zama. Saboda haka fara nemo aikatau. In guda ne, ajiye kalmar a gabansa: "I always go to the market." In kuma am, is, are, was ko were ne, sai ta koma bayansa: "Sokoto is usually hot in April." Wannan kam duk wanda ya yi bazara a gida ba ya buƙatar shaida. In akwai mataimakin aikatau kamar have, will ko can, sai ta shiga tsakaninsu: "I have never seen snow."

Sometimes da usually suna da ɗan gata, ana iya buɗe jimla da su. Always ba ta buɗewa sai wajen umarni, kamar yadda ake rubutawa a asibitocin nan: "Always wash your hands." Amma every day, ko twice a week, waɗannan ƙarshen jimla suka fi so.

Never ce mai rigima. Ita kanta korewa ce, don haka kar ka haɗa ta da don't. Za ka ji Turawan nan a bas suna cewa "I don't never", amma mai duba jarrabawa ba zai yafe maka ba. In kuma ka sa ta a farko, dole ka juya jimlar: "Never have I seen such rain." Ni dai shawarata, ka bar wannan salon sai hannunka ya faɗa, domin a hira ta yau da kullum da wuya ka ji shi.