Fasa ƙwayar zarra da haɗa ta, ta yaya duka biyun suke ba da makamashi?

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai abin da ke ɗaure wa mutane kai a maganar nukiliya, wai in an fasa ƙwayar zarra makamashi ya fito, in an haɗa guda biyu ma ya fito, to ta yaya? Ku biyo ni a hankali.

A tsakiyar kowace zarra akwai 'yar cibiya inda wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton da nutiron suka cure waje ɗaya. Su furoton cajinsu iri ɗaya ne, shi ya sa kullum ture juna suke, kamar ka kusanta maganaɗisu biyu ta fuska ɗaya. Abin da ke riƙe su wani ƙarfi ne daban, mai tsananin gaske, sai dai hannunsa gajere ne, sai an matsu sosai yake kamawa.

To ɗauki zarrar sinadarin yuraniyom 235, furoton 92 ne a cikinta da nutiron 143, cibiyar ta yi girma har riƙon ya yi sako-sako. Nutiron ɗaya tak in ya shige ta sai ta fara rawa, ta miƙe kamar ɗigon ruwa, ta tsuke a tsakiya, ta rabe biyu, misali bariyom da kiripton, sannan ta watso nutiron biyu ko uku su ma su je su fasa na kusa, haka abin zai ta ci. Wannan shi ne fishon. Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka ci karo da shi a Berlin ƙarshen 1938, Lise Meitner da Otto Frisch suka fayyace abin da ya faru, a Disambar 1942 kuma Enrico Fermi ya kunna shi a Chicago ya kuma iya tsayar da shi.

Yanzu ga wajen da ni ya fi burge ni. Da za ka kwashe gutsattsarin nan duka ka ɗora a sikeli, ba za su kai nauyin farko ba, kusan kashi 1 cikin 1,000 ya ɓace. Ina ya tafi? Shi ne ya koma makamashi, lissafin Einstein na 1905 kenan, E = mc². E makamashi ne, m nauyi, wannan c ɗin kuma gudun haske ne, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma ninka shi ake da kansa, kun ga ɗan mitsitsin nauyi ma ya isa ya ba da zafi mai ban tsoro. A tashar lantarki sandunan boron ko kadmiyom ake zurawa su shanye rarar nutiron, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin, shi kenan.

Fiyushon kuma ta ɗaya ɓangaren yake zuwa, ƙananan cibiyoyi ake matsewa su zama ɗaya. A tsakiyar rana zafi ya kai digiri miliyan 15, ga matsi, haidurojin na komawa hiliyom, kuma duk daƙiƙa kusan tan miliyan 4 na nauyin rana ne ke zama haske da zafi. Duk daƙiƙa fa.

Amsar tambayarmu tana wajen ƙarfe, wato baƙin ƙarfe. Cibiyoyin da nauyinsu ya yi kusa da na ƙarfe su suka fi kowa ɗauruwa tam, don haka manya in sun fashe wajensa suka nufa, ƙanana in sun haɗu ma wajensa suka nufa, kowanne kuma sai ya zubar da ɗan nauyi a hanya.

Wahalar fiyushon a doron ƙasa ita ce ba mu da matsin rana, dole a rama da zafi, sama da digiri miliyan 100, kuma babu tukunyar da za ta ɗauki wannan, sai dai a rataye iskar haidurojin mai zafin nan a tsakiyar injin da maganaɗisu kar ta taɓa bango, irin wanda ake ginawa a kudancin Faransa mai suna ITER. A Disambar 2022 a Kalifoniya ta Amurka an bi wata hanyar daban, an harba leza 192, wato haske mai tsananin ƙarfi, kan wani ɗan ƙwanso mai haidurojin a ciki, makamashi megajul 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Babban mataki ne wallahi, amma lantarkin da lezar ta sha kafin ta harba ya ninka abin da ya fito kusan sau 100, nan ne masana suka duƙufa yanzu.