Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa neman fayil ke cin lokaci haka?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani bawan Allah a Unguwar Rogo, nan Jos, mai kula da kwamfutocin wani shagon buga takardu. Ya ce yana da jerin sunayen fayiloli wajen 400, ya kuma rubuta ɗan shirin umarni na Bash, wato yaren ba kwamfuta umarni a rubuce, da ke ɗaukar suna ɗaya bayan ɗaya yana ba find, umarnin neman fayil, ya nemo. Sau da yawa a kan ɗauke wuta aikin bai ƙare ba. Yana tambaya ko ya sayi sabuwar kwamfuta.

To Malam, ajiye kuɗinka tukuna. Shi find ba ya riƙe komai a ka. Duk kiran da ka yi masa, daga farko yake tashi ya bi folda-folda. Suna 400, zagaye 400 ke nan. Kamar a aike ka kasuwar Farin Gada cefane ne, ka sayo tumatir ka dawo gida, ka koma don albasa, ka sake komawa don attaruhu. Ka kira find sau ɗaya tak, ya zuba sunayen duk abin da ke faifan cikin fayil guda. Sai ka ba grep -F -f, umarnin da ke neman rubutu a cikin fayil, jerin sunayenka ya tace su daga ciki. Amma a lura, mai neman 12.pdf zai iya kamo 112.pdf, don haka a duba sakamakon kafin a goge komai. Wannan gargaɗin da gaske nake yi.

Kada kuma ka tashi daga tushen faifai in ka san takardun suna folda ɗaya. A cikin zaɓuɓɓukan find, -prune na tsallake inda ba ka so, -xdev na hana shi faɗawa wani faifan da aka jona. In kana amfani da -exec, mai gudanar da wani umarni a kan fayilolin da aka samo, rufe shi da alamar "+" maimakon "\;". Domin na biyun yana tada sabon aiki a kan kowane fayil, na farkon kuwa yana tattara su ya miƙa gaba ɗaya.

Akwai kuma umarnin locate, mai ba da amsa nan take saboda kundin sunayen fayiloli da umarnin updatedb ya tanada yake dubawa. Yawanci sau ɗaya a rana ake sabunta kundin, abin da aka ajiye da safen nan ba lallai ya fito ba.

Sai wata malama daga Kubwa, Abuja, da ke neman kalma a cikin fayiloli, ba sunansu ba. Malama, gwada ripgrep, shirin neman kalma a cikin fayiloli wanda Andrew Gallant ya fitar a 2016. Yana duba fayiloli da dama lokaci guda. Sai dai yana tsallake ɓoyayyun fayiloli da duk abin da aka lissafa a .gitignore, wato fayil mai jerin abubuwan da za a ƙyale. In kalmar ta ƙi fitowa, ƙara masa -uu, mai sa ya duba har waɗanda ya tsallake, ki sake gwadawa.