Amsoshin Tambayoyinku: Sigari, Shisha da Tabar Gari

Mai gabatarwa: Jama'a, lokaci ya ja, bari mu hanzarta. Wani daga Ƙofar Marusa yana tambaya ko ruwan tukunyar shisha na tace guba. A'a malam, sanyaya hayaƙin kawai yake yi. Nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa barin taba, na nan, ga hayaƙin gawayi a kai.

Baiwar Allah daga Mai'aduwa, kin ce tabar garin da kakarki ke ƙunsawa a leɓe ai ba ta da hayaƙi. Haka ne, amma tana cin dasashi, tana iya jawo kansar baki. A lallaɓa Kaka dai, ban da tsawa.

To ga wadda ta taɓa ni. Wani matashi daga Daura ya ce yana zuƙar sigari a ɓoye bayan kango, sai ya tsotsi minti ya fesa turare kafin ya shiga gida. Yana so ya daina, amma yana tsoron zuwa asibiti kada labari ya bazu a ce masa ɗan iska, a hana shi aure. Irin wannan wasiƙa ta yi yawa. Likita, bismillah.

Likita: To, ai tun 2015 dokar ƙasa ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, ta hana sayar da ita kara-kara, amma je ka teburin bakin tasha ka gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma...

Mai gabatarwa: Likita, yaron nan fa, me zai yi?

Likita: Ya sa rana, ya zubar da kwali da ashana. Makon farko ne mai wuya: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Bayan 'yan makonni abin zai lafa. In sha'awar ta taso, mintoci kaɗan take yi, ya sha ruwa, ya tashi daga majalisar. Sirrinsa kuma amana ne a wajenmu.

Mai gabatarwa: Ka ji ko, ɗana? Amana ne, na maimaita, amana ne. Kai da ke kai azumi har magariba ba ka kunna ba, za ka iya. Ku kuma iyaye, in yaro ya buɗe baki ya ce a taimake shi, don Allah a bar gori. Gorin nan ne ke mayar da su bayan kango. In ya koma ya sha, a sake sa wata rana.

Mai tambaya kan sigarin lantarki, yawancinsa akwai nikotin, wanda bai fara ba kada ya fara. Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.