Darasi: Yadda Ake Gwada Gajiyar Wayar da Ake Dasawa a Jikin Mutum

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan siririyar waya da kuke gani, kaurinta milimita 0.2 ne, irin wadda ake naɗewa a cikin igiyar na'urar daidaita bugun zuciya. Haɗin ƙarfenta ana kiransa MP35N. Zuciya tana bugawa kusan sau miliyan 40 a shekara, kuma kowane bugu sai ya ɗan motsa wayar. A shekara goma, miliyan 400 ke nan. Shi ya sa ba ƙarfin ja kaɗai muke dubawa ba, sai mun gwada gajiyarta, wato yawan tanƙwarawar da za ta jure kafin ta karye.

Ga injin nan. Bakin waya ɗaya mun ɗaure shi a matsen da ke juyawa, ɗayan yana sake a cikin ɗan rami, sai wayar ta tanƙware kamar baka. Duk juyi ɗaya, bayan wayar zai miƙe sau ɗaya, ya matse sau ɗaya.

To ga lissafin, ku lura sosai. Ana raba kaurin waya da faɗin da'irar da ƙoƙuwar bakan ta yi. Idan faɗin milimita 40 ne, miƙewar ta zama rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Don samun haka, tazarar bakunan biyu milimita 48, tsawon wayar tsakaninsu kusan 105. Kada ku auna kauri a wuri ɗaya, ku auna wurare uku.

Sai mu tsoma ƙoƙuwar cikin ruwan gishiri mai ɗumin digiri 37 na Celsius, wato ɗumin jikin mutum. Idan wayar nitinol ce, wato wani haɗin ƙarfe na nickel da titanium, wannan dole ne, domin ɗumi yana canza taurinta, kuma a iska tana zafafa kanta idan gudun ya yi yawa. A juyi 3,600 cikin minti, juyi miliyan 10 zai ci awa 46.

Da zarar ta karye, lantarkin da injin ke turawa ta cikinta zai yanke, ƙidayar juyi ta tsaya. Yanzu ku duba inda ta karye. In a bakin matse ne, ku watsar da sakamakon, matsen ne ya ji mata rauni. In a ƙoƙuwa ne, kada ku haɗa bakunan biyu don ganin ko sun dace, za ku goge shaidar. Ku kai su ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sau da yawa za ku tarar tsagar ta faro ne daga ɗan ƙwayar datti da ta maƙale kusa da fatar wayar tun wajen narka ƙarfe, ko daga ƙarzon da aka yi mata wajen jan waya.