Kofi ɗaya, jiki biyu: yadda asibitocin Amurka ke auna shan giyar mata da na maza

A wani ƙaramin asibitin unguwa a Amurka, mutum biyu na zaune suna jiran likita. Namiji ya zo duba hawan jini, mace kuma rashin barci ne ya kawo ta. Kowannensu kan sha kwalbar giya biyu duk dare. Masu kallo, wa kuke zaton za a zaunar a yi masa maganar giya? Galibi namijin. Ita macen, wataƙila a rubuta mata maganin barci ta tafi.

Alhali a ƙa'ida kowa ake tambaya. A 2018, kwamitin da ke ba likitocin Amurka shawara kan rigakafi ya nanata cewa duk wanda ya kai shekara 18 a tambaye shi game da shan giya, har da mai juna biyu. Sai dai tambaya daban ce, abin da ke biyo bayanta daban. Binciken da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi ya nuna cewa ko a cikin masu sha fiye da kima, an fi ce wa maza su rage.

Bari mu fara da jikin. Giya a cikin ruwan jiki take bajewa, kuma jikin mace, ko da nauyinta ɗaya da na namiji, bai kai nasa yawan ruwa ba. Ku zuba cokalin gishiri a ƙaramar tukunya, ku zuba wani a babba, kun san wace miya za ta fi gishiri. Haka kofi ɗaya ke fi tattaruwa a jinin mace. A 1990 ma wasu masu bincike sun wallafa cewa sinadarin da ke fara narka giya tun daga ciki bai kai ƙarfi a mata ba kamar a maza. Shi ya sa hantar mace kan lalace da shan da bai kai na namiji ba, kuma cikin shekaru ƙasa da nasa, ga kuma ƙarin haɗarin sankarar mama.

Don haka ma'aunin ya bambanta. Abin da Amurka ke kira "kofi ɗaya" shi ne giram 14 na tsantsar barasa, kwatankwacin gwangwanin giya mai mililita 355. Namiji in ya sha biyar cikin awa biyu an ce ya zarce, mace kuwa huɗu. A mako, an daɗe ana sa iyakar namiji a 14, ta mace a 7. To ku koma ga mutanenmu na farko: kwalba biyu sau bakwai, 14. Shi yana bakin iyaka, ita ta ninka tata. Birtaniya dai ta bi wata hanya, tun 2016 iyaka guda ta ba kowa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: takardun tambayoyin. Akwai tsohuwa mai suna CAGE, tambaya huɗu. Ka taɓa jin ya kamata ka rage? Ka taɓa hasala don an soki shanka? Ka taɓa jin laifi? Ka taɓa karya kumallo da giya? Tana kama wanda ya riga ya yi nisa, amma mata da yawa sukan zille mata, musamman masu ciki. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro T-ACE a 1989 domin masu juna biyu, kuma dabararta ta burge ni. Maimakon a tambayi mace ko tana jin laifi, sai a ce: kofi nawa kike sha kafin ki ji ta fara hawa kanki? Tambaya ce da ba ta da ƙaiƙayi, mace kan amsa ta ba tare da ta ji ana tuhumarta ba.

Wadda aka fi amfani da ita yau ita ce AUDIT-C, tambaya uku da aka tsakuro daga goma na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sau nawa ake sha, nawa ake sha a rana, sau nawa ake kai shida a zama ɗaya. Maki daga 0 zuwa 12. Namiji in ya kai 4 sai a zauna da shi, mace tun daga 3. Asibitin da ya yi wa kowa kuɗin goro da maki 4, mata da dama sun wuce masa ta ƙarƙashi ke nan.

Ko an yi tambayar daidai, akwai kunya. Namiji ya ce yana ɗan taɓawa, sai a yi murmushi. Mace, musamman uwa, tana tsoron kada amsarta ta shiga fayil, a wayi gari ana maganar raba ta da 'ya'yanta. Ko ta yarda a taimaka mata, wa zai riƙe mata yara in ta je ganin mai ba da shawara? Sai ta zo da ƙorafin damuwa, ciwon kai, rashin barci. Kuma haɗa ƙwayar barci da giya na iya danne numfashi.

Maganin jarabar giya akwai, likitan unguwa ma na iya rubutawa: naltrexone da aka amince da shi a 1994, da acamprosate a 2004. Amma gwaje-gwajen farko yawanci da maza aka yi su. Sai a 1993 doka ta tilasta sa mata a binciken asibiti da NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ke ɗaukar nauyi.

A halin da ake ciki tazarar da ke tsakanin maza da mata na raguwa. Daga 1999 zuwa 2017, mace-macen da ke da nasaba da giya a Amurka sun ninka, daga kusan 36,000 zuwa sama da 72,000 a shekara. Har yanzu maza ne suka fi mutuwa, amma ƙaruwar ta fi sauri a wajen mata.