Sili ɗaya ƙwale: tarihin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in ACC a Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, malamaina da ke gaba, masu horar da yara, ɗalibai maza da mata, barkanku da yamma. Na baya kuna jina? To madalla. Masu tsayuwa a bakin ƙofa ku shigo, ga kujeru nan babu kowa a kai.

Abu huɗu na shiryo muku. Yadda aka haifi gasar, wasan 1974, zamanin riƙe ƙwallo, sannan halin da take ciki yau. Mu fara.

A Amurka jami'o'i ba sa wasa kara-zube. Kowace tana cikin wata haɗaka ta makarantun yankinta, su yi ta karawa da juna tun daga hunturu har farkon watan Maris. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce ta gaɓar tekun Atlantika, wadda ake taƙaita sunanta da ACC. An kafa ta a 1953 a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, lokacin da makarantu bakwai suka ɓalle daga tsohuwar haɗakar Kudu: Clemson, Duke, Maryland, North Carolina, NC State, South Carolina da Wake Forest. Kafin shekarar ta ƙare Virginia ta shigo, suka zama takwas. A 1954 aka buga gasar farko a Raleigh, a zauren Reynolds, wato gidan NC State, kuma a nan aka ci gaba da yin ta har 1966.

Mutumin da ya kamata ku riƙe sunansa shi ne Everett Case, kocin NC State, ɗan jihar Indiyana. Shi ya ci ukun farko a jere, 1954, 1955, 1956. Wannan al'ada da kuke gani a talabijin, waɗanda suka ci kofi su hau tsani su yanke ragar kwando da almakashi, shi ake jinginawa cewa ya kawo ta wasan jami'o'i. A 1965 rashin lafiya ta riga ta zaunar da shi, yana kallo daga keken marasa lafiya, yaransa suka doke Duke a wasan ƙarshe, suka ɗauko tsohon suka ɗaga shi sama ya yanke zaren ƙarshe da hannunsa. Shekara ta zagayo ya rasu. Kyautar gwarzon gasar har yau sunansa take ɗauke da shi.

To amma me ya sa gasar ta yi zafi haka? Ga dalili, kuma in ba ku tafi gida da komai ba ku tafi da wannan. A wancan zamani, babbar gasar ƙasa ta NCAA makaranta ɗaya tak take karɓa daga kowace haɗaka. Ɗaya. Yawancin haɗakoki sai su tura wadda ta fi kowa nasara a kakar wasa. ACC ta ce a'a. Ita sai an taru a zaure ɗaya kwana uku, Alhamis, Juma'a, Asabar, sili ɗaya ƙwale, wanda ya saura a tsaye daren Asabar shi ne zakara, shi ke tafiya. Wata uku kana nasara, dare ɗaya ƙafarka ta zame, shi ke nan, sai baɗi. A 1961 ma suka rubuta shi a doka, cewa wanda ya ci gasar shi ne zakaran haɗaka. Masu horarwa da yawa sun tsani wannan tsari. Frank McGuire na South Carolina ya ɗanɗana kuɗarsa a 1970: wasa 14 a haɗaka, nasara 14, ba wanda ya taɓa su, ya zo wasan ƙarshe babban ɗan wasansa John Roche yana ɗingishi da ciwon idon sawu, NC State ta cinye su 42 da 39 bayan ƙarin lokaci sau biyu. Ya koma gida hannu rabbana.

Yanzu na biyu, kuma a nan zan roƙi shugaban taro ya ɗan kawar da ido daga agogo.

Ranar 9 ga Maris, 1974, a Greensboro. NC State ce ta ɗaya a duk faɗin ƙasar, Maryland ta huɗu. Ku tsaya ku auna wannan. Biyu daga cikin huɗu mafi ƙarfi a Amurka, amma kujera ɗaya ce a motar. Gasar ƙasa a shekarar makarantu 25 take ɗauka, a cikinsu akwai waɗanda in Maryland ta gamu da su ko zufa ba za ta yi ba, amma su suna da tikiti saboda haɗakarsu ba ta da ƙarfi.

Bari in gabatar muku da mutanen. A ɓangaren NC State, koci Norm Sloan. Yana da David Thompson, wanda tsallensa ya sa yara irin su Michael Jordan suka taso suna kwaikwayonsa. Kuma ku sani a lokacin an haramta danna ƙwallo cikin kwando da hannu a wasan jami'o'i, sai dai Monte Towe, gajere ne, bai kai tsawon da yawanku ba, ya cilla masa ita sama, shi kuma ya tashi ya karɓe ta a iska ya sake ta a hankali ta faɗa. Sai dogonsu Tom Burleson, wanda ya haura ƙafa bakwai. Ke 'yata da ke dariya, haka ne, in suka jera da Towe kamar raƙumi da ɗan akuya. A ɓangaren Maryland, koci Lefty Driesell, da Tom McMillen, da Len Elmore, da John Lucas mai raba ƙwallo. McMillen daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka, Elmore ya karanta shari'a a Harvard. Ina faɗin wannan ne don ɗalibanmu da ke zaton ƙwallo da littafi ba sa shan inuwa ɗaya.

Akwai tsohuwar jiƙaƙƙa a tsakaninsu. A 1973 NC State ta yi wasa 27 ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ta doke Maryland 76 da 74 a wasan ƙarshe, amma tana ƙarƙashin takunkumi saboda karya dokar ɗaukar 'yan wasa, don haka Maryland ce ta tafi gasar ƙasa. A 1974 takunkumi ya ƙare. Sun haɗu sau biyu a kakar, duka NC State ta yi nasara. Sannan ga wani abu: makarantu bakwai ne a lokacin, South Carolina ta fice tun 1971, don haka na ɗaya yana hutawa ranar Alhamis. NC State wasa biyu ta yi, Maryland uku a kwana uku, kuma daren Juma'a ta zuba wa North Carolina maki 105. Ƙafafunsu sun sha aiki kafin a busa usur.

Wani abu kuma, Burleson ya shigo da fushi. Masu zaɓen gwanayen haɗaka sun sa Elmore a sahun farko sun bar shi a na biyu. Ranar ya ci maki 38. Talatin da takwas, a kan mutumin da aka fifita a kansa.

Na kalli faifan wasan nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, kuma ina roƙon masu horarwa ku nema ku nuna wa yaranku. Babu agogon jifa, wato agogon da ke tilasta wa mai riƙe da ƙwallo ya jefa kwando kafin wasu daƙiƙu su cika, babu jifan maki uku, amma aka tashi 103 da 100. Ba wanda ya tsaya yana jan lokaci. Wannan ya ci, wancan ya rama, gudu ake yi kamar an kunna wuta a bayansu. Maryland ta fara da ƙarfi, ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba. Cikin kowane jifa goma da suka yi, shida sun shiga. Malam koci, kai da ke gaba, in yaranka suka jefa haka a wasan ƙarshe, ai tun kafin a tashi za ka aika a yanka rago. (dariya) To su sun jefa haka kuma aka cinye su. Lokaci ya cika ana 97 da 97, aka ƙara minti biyar. Kowa ya gaji, hannu ya fara rawa. Maryland tana baya da maki ɗaya, ƙwallo na hannun Lucas, ya miƙa wa Elmore, ta fi ƙarfin hannunsa ta fita waje. Aka yi wa Towe keta, wannan gajeren, ya tsaya a layi saura daƙiƙu kaɗan ya jefa biyu duka suka shiga.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayan wasan. Driesell ya bi motar NC State ya hau, ya gaisa da yaran da suka karya masa zuciya, ya ce su je su ciyo kofin ƙasa. Aka miƙo wa Maryland gayyatar ƙaramar gasar nan ta NIT, wadda suka riga suka ci a 1972, yaran suka ce ba sa so. McMillen da Elmore shekararsu ta ƙarshe ke nan, haka suka cire riga. Wannan ƙungiya, a farkon kakar ta je har gidan UCLA, jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, aka ci ta da maki ɗaya kacal. Ni a wurina suna cikin mafi kyawun da suka taɓa taka filin jami'a, kuma ba su taɓa ƙwallo ko sau ɗaya a gasar ƙasa ta shekarar ba. Ko sau ɗaya.

NC State kuwa ta cika alƙawari. A wannan zaure na Greensboro ta gamu da UCLA ta John Wooden da Bill Walton, wadda ta ci kofin ƙasa shekara bakwai a jere, ta kayar da ita 80 da 77 bayan ƙarin lokaci biyu, sannan ta doke Marquette ta ɗau kofi. Da mutane suka ga haka suka ce, ashe wasan ƙarshe na gaskiya tun ranar 9 ga wata aka yi shi. A 1975 aka faɗaɗa gasar ƙasa zuwa makarantu 32, aka yarda haɗaka ta tura fiye da ɗaya. Gyara ne, adalci ne, ban musa ba. Amma zan faɗa muku ra'ayina: daga ranar gasar ACC ta rage zafi. Yaro da ya san in ya faɗi akwai katifa a ƙasa, tsallensa daban yake da na wanda ya san dutse ne. Driesell dai sai 1984 ya ci gasar ACC, da ɗan wasansa Len Bias, shekara goma bayan wancan dare.

Na uku, ko na huɗu ne? Riƙe ƙwallo, yawwa. Zan yi sauri. Tunda babu agogon jifa, mai tsoron abokin karawa sai ya ƙi jefawa. Dean Smith, kocin North Carolina, ya shahara da tsarin kusurwa huɗu, mutum huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya yana yawo da ƙwallo. A 1966 Duke ta ci su 21 da 20. A 1968 NC State ta ci Duke 12 da 10, wasa cikakke na minti 40. A 1982, ga Jordan da James Worthy na North Carolina, ga Ralph Sampson na Virginia, duk ƙasa na kallo, North Carolina ta riƙe ƙwallo mintoci masu yawa a ƙarshe aka tashi 47 da 45. Kaka mai zuwa ACC ta gwada agogon jifa da layin maki uku, daga baya duk ƙasa ta bi. Na tsallake Charlie Scott, baƙar fata na farko da North Carolina ta ba gurbin karatu don ƙwallon kwando, wanda ya ci maki 40 a wasan ƙarshe na 1969, wannan lacca ce guda mai zaman kanta. Na tsallake Randolph Childress na Wake Forest da makinsa 107 a wasa uku a 1995. Duke ce ta fi kowa kofi, sama da 20, 15 daga ciki a hannun koci Mike Krzyzewski, Dean Smith yana da 13. Maryland kanta ta bar haɗakar a 2014, saboda kuɗin talabijin, yanzu har makarantun Kalifoniya suna cikin haɗakar da ke ɗauke da sunan Atlantika. Na ga hannu a can. Bismilla, ɗana.

(Wani ɗalibi ya tambaya ko Hakeem Olajuwon ya taɓa buga wannan gasa.)

A'a, bai buga ba, shi a Houston ya yi, haɗakarsu daban. Amma Allah ya yi maka albarka, domin gasar nan ce ta haifo waɗanda suka hana shi kofi. A 1983 NC State ta Jim Valvano ta zo gasar ACC a Atlanta an riga an ci ta sau goma a kakar. In ba ta ci gasar ba, da wuya a gayyace ta ta ƙasa. Ka ga tsohon zamani ya dawo musu su kaɗai. Ta ci Wake Forest da maki ɗaya, ta ci North Carolina ta Jordan a ƙarin lokaci, ta ci Virginia ta Sampson 81 da 78. Haka ta yi ta tsallake rijiya da baya har wasan ƙarshe na ƙasa a Albuquerque, ranar 4 ga Afrilu, inda ta tarar da Houston da Olajuwon ɗan Legas a ƙarƙashin kwando, yaron da ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu kafin ya san kwando. Ya ci maki 20, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 18. Ana 52 da 52, Dereck Whittenburg na NC State ya cilla daga nesa, ƙwallo ta gaza kaiwa, abokin wasansa Lorenzo Charles ya cafe ta a iska ya danna. 54 da 52. Olajuwon yana nan kusa, bai tashi ba. Duk da haka shi aka ba gwarzon gasar ƙasa, alhali ƙungiyarsa ce aka ci. Kuma a 2024 NC State ta sake irin ta, tana ta goma a jeri, wasa biyar a kwana biyar a Washington, ta ƙare da doke North Carolina 84 da 76. Wannan kam da yawanku kun gani a waya.

Shugaba yana nuna min agogo, kuma ga shi an fara kiran magariba. Wanda yake da sauran tambaya ya same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum.